Manhajar Kyauta da ta Gwaji: Shawarwari ga Masu Kwamfuta a Gida

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, daga Beirut Road a Kano, ko Computer Village ta Ikeja, ko wani shago a cikin gari, kuma da wuya su iso gida fayau. Mai shago ya riga ya cika su da manhajoji: wasu na kyauta, wasu na gwaji, wasu kuma na kuɗi da aka ɓalle wa makulli. Akan yi wata ɗaya ko biyu ana jin daɗi, sannan saƙonni su fara tasowa a fuskar kwamfuta. Wannan na neman kuɗi, wancan na cewa wa'adinsa ya cika, Word ya ƙi karɓar rubutu ana gobe yarinya za ta miƙa aikin makaranta. A ganina gida zai iya yin kusan duk aikinsa da manhajar kyauta ta halas, in dai an san wacce ake ɗorawa, daga ina ta fito, kuma wa ke da izinin ɗora ta.

1. Ku fara rarrabe abin da ke cikin kwamfutar. Iri huɗu ne ake haɗawa a kira su kyauta. Akwai wadda masu ita suka saki gaba ɗaya, ba wa'adi, ba talla, kamar LibreOffice da VLC. Akwai ta kamfani wadda ba a biya da kuɗi, amma ana biya da kallon talla ko da bayanan mai amfani. Akwai ta gwaji, mai aiki na 'yan kwanaki. Sai ta huɗu, wadda masu gyara ke kira kirak, wato ta kuɗi da aka fasa. Ku zauna da mai shagon tun kafin ku biya, ku sa ya faɗa muku rukunin kowace manhaja. Wanda ya ce "ai duk na yi maka aktibetin" ba tare da ya nuna lasisi ba, kirak ya ɗora.

2. A sauke daga gidan masu ita. LibreOffice na da shafinta, VLC na shafin VideoLAN, Firefox na shafin Mozilla. Shafukan da ke tara dubban manhajoji wuri ɗaya sukan jera manyan maɓallai masu launin kore har uku ko huɗu, ɗaya ne na gaskiya, sauran talla ne da ke kai mutum ga wani abin daban. Haka sakamakon farko a shafin bincike, sau da yawa talla ce da wani ya biya. Idan akwai shakka, shafin VirusTotal na duba fayil kyauta da riga-kafi iri-iri kafin a buɗe shi. Ko asalin gida ma ba ya rasa tsautsayi: a 2017 ɓarayin intanet sun cusa mugun abu cikin manhajar CCleaner, mutane sama da miliyan 2 suka sauke shi daga hanyar da ta dace. Shi ya sa nake ganin duk manhajar da ba a buƙata, kada ma a ɗora ta.

3. Ku rabu da kirak, ko da mai gyara ya rantse. Wannan ce shawarar da na fi damuwa da ita, domin ita ce aka fi yi wa kunnen ƙashi. Ku lura da abin da ake cewa a yi kafin a ɗora kirak: a kashe riga-kafin kwamfuta tukuna. Ma'ana, za a ba wani fayil da ba a san wanda ya haɗa shi ba cikakken iko a kan na'urar da ke ɗauke da hotunan iyali, takardun fili, da kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhajar dala ɗaruruwa ya raba wa duniya, yana da inda zai fanshe.

Ɗaya daga cikin hanyoyin fanshewar ita ce garkuwa da fayiloli. Wata muguwar manhaja da ake kira STOP ko Djvu ta shahara da bin kirak ta shiga kwamfutocin gida, ta kulle duk hoto da takarda, ta bar saƙo tana neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Wasu kuma ba sa nuna kansu ko kaɗan, kwashe kalmomin sirrin imel da Facebook kawai suke yi su tafi. Ga shi kirak ba ta karɓar sabuntawa, don haka duk ɓarakar da aka gano a jikinta haka za ta zauna. Ban da wannan duka, akwai haƙƙin masu ita, wanda bai faɗi ba don kawai suna nesa da mu.

4. Ga abin da ya ishi gida. Don rubutu da lissafi da gabatarwa, LibreOffice: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Wata gidauniya mai zama a Jamus, The Document Foundation, ke kula da ita tun 2010, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an ɗora ta. Don bidiyo da sauti, VLC, wadda ɗalibai suka faro a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, ga ta kuwa da wuya a ba ta fim ta ƙi buɗewa. Don fayilolin da aka dunƙule, 7-Zip. Don karanta PDF a kwamfuta mai rauni, Sumatra PDF. GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zanen kati da tambari, Audacity na tace sautin karatu ko wa'azi, Shotcut na haɗa bidiyon biki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: ba daidai suke da na kuɗi a komai ba. Takardar Word mai teburori da yawa kan ɗan gurɗe a Writer, kuma maɗaba'o'i da bizines santa ɗinmu da CorelDRAW suka saba. Maganin shi ne abu biyu. A saita LibreOffice ta riƙa adanawa a tsarin docx don masu Word su buɗe, sannan duk abin da za a kai bugu a mayar da shi PDF tun daga gida, domin PDF ba ya sauya tsari daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Mai asusun Microsoft kuma zai iya amfani da Word da Excel kyauta ta cikin burauza, in akwai data.

5. Kada a fara gwaji sai aiki na hannu, kuma a rubuta ranar ƙarewa. Wa'adin ya bambanta: Photoshop kwana 7, CorelDRAW kwana 15, IDM kwana 30, WinRAR kwana 40, Microsoft 365 wata ɗaya. Ranar da aka fara ƙidayar ke farawa, ko an taɓa manhajar ko ba a taɓa ba. Wanda ke son gwada wata manhaja don aikin furojet ɗin ɗansa, ya jira har kayan aikin su kammala.

Abin tsoron shi ne gwajin da ke neman lambar katin banki. Irin wannan ba ya tsayawa da kansa; ranar da wa'adi ya cika sai kawai a ji alat na cirewa, wani lokaci ma a farashin dala. Wani tsarin kuma na shekara ne da ake biya wata-wata, wanda in aka fasa a tsakiya sai an biya tara. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin Adobe kotu bisa zargin ɓoye irin wannan tara da wahalar da masu son fita. Saboda haka a sa tuni a waya kwana biyu kafin ƙarshe, a soke ta cikin asusun da aka buɗe, a ajiye saƙon da ya tabbatar. Goge manhaja daga kwamfuta ba ya soke biyan kuɗi, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa. In ba makawa sai an sa kati, a sa wanda ba asusun albashi ko na cefane ba.

6. A gwada ƙarshen aikin tun a farko. Wasu manhajojin bidiyo, irin su Filmora ta kyauta, za su bari a kwana ana haɗa bidiyon ɗaurin aure, sai an zo fitarwa a tarar da tambarinsu a kan hoton. Kafin a duƙufa, a haɗa na minti ɗaya a fitar a gani. Manhajojin dawo da fayil da aka goge ma haka suke: su nuna hotunan da suka ɓace, sannan su ce a biya kafin a ɗauka. Recuva da PhotoRec na yin wannan aiki kyauta. Kuma kafin gwaji ya ƙare, a fitar da komai a tsarin da kowace manhaja ke buɗewa: PDF, JPG, MP4, docx.

7. A karanta kafin a danna Next. A shafukan da ke fitowa lokacin ɗora manhaja ne ake ɓoye ƙarin kaya da aka riga aka yi wa alamar amincewa: wata burauza, wani riga-kafi, wani mai sauya shafin bincike. A cire alamar, a ci gaba.

8. Riga-kafi ɗaya ya isa. Windows 10 da 11 na zuwa da Microsoft Defender a ciki, kyauta, kuma ya wadatar da gida in ana bari yana sabunta kansa. Sabuwar laftof kan zo da gwajin McAfee ko makamancinsa. In ya ƙare ba za a biya ba, a cire shi gaba ɗaya don Defender ya karɓi aiki. Riga-kafi biyu ko uku a lokaci guda nauyi suke ƙara wa kwamfuta, su yi ta karo da juna. Na kyauta na kamfanoni kuma a san da me ake biya: a 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke ziyarta.

A wajenmu filas ce babbar ƙofar bairos, musamman wadda ta je bizines santa ta dawo. In aka buɗe ta aka ga foldoji sun koma gumaka masu 'yar kibiya, kada a danna su, kada kuma a yi gaggawar wanke filas ɗin. Galibi fayilolin na nan, ɓoye su aka yi. A sa riga-kafi ya duba ta, sannan a kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a kwashe su.

9. Don rubutun Hausa, ba sai an sayi komai ba. Windows na da allon rubutun Hausa a cikin saitin harsuna, akwai kuma Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta. Tsofaffin fon irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun yi wa marubuta da maɗaba'o'i babbar hidima a lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Amma takardar da aka buga da su, in ta je kwamfutar da ba ta da fon ɗin, sai haruffa masu lanƙwasa su koma baka da wasu alamomi. Sabon rubutu a yi shi da allon Hausa na zamani da fon irin Charis SIL ko Andika, zai fito daidai a waya da imel da kowace kwamfuta.

10. A yi tattalin data da wuta. Fayil ɗin ɗora LibreOffice ya haura megabait 300, don haka a sauke shi sau ɗaya, a ajiye a folda ta musamman tare da sauran, maƙwabta ma su amfana. Masu haɗa kwamfuta da intanet ɗin waya su shiga saitin Wi-Fi su nuna wa Windows cewa datar a ƙididdige take, don kada ta shanye ta da manyan saukewa. Amma a ware rana a wata, ko a yi amfani da datar dare, a bar ta ta sabunta. A kuma rage tazarar adanawa ta atomatik a Writer ko Word zuwa minti uku ko biyar, saboda ɗauke wuta, balle in batirin laftof ya mutu.

11. Yara su samu nasu asusun. Mafi yawan tarkacen da ke cika kwamfutar gida ta hanyar neman wasanni suke shigowa. A buɗe wa yara asusu na gama-gari wanda ba ya iya ɗora manhaja sai da kalmar sirri, maigida ko uwargida su riƙe asusun shugaba. Hana su taɓa kwamfuta kuwa cutarwa ce, tunda tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da bai saba da linzami da allon rubutu ba lokacinsa ke ƙarewa wajen laluben maɓalli. GCompris na da wasannin koyo sama da 100 don 'yan shekara 2 zuwa 10, Tux Typing na koyar da saurin bugu, Kiwix kuma na ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba.

12. Tsohuwar kwamfuta ba ta mutu ba tukuna. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke gidajenmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin waɗannan za a iya ɗora musu Linux Mint, wadda kyauta ce, tana tafiya a kan ƙwaƙwalwar gigabait 4 cikin sauƙi, tana kuma zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki. Ana iya kunna ta daga filas a gwada ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. A lokacin gwajin a duba firinta da Wi-Fi da sauti, a kuma tuna cewa CorelDRAW da Photoshop ba su da sigar Linux, don haka gidan da ke cin abinci da su ya zauna a Windows. In an yanke shawarar sauyawa, a fara kwashe hotuna da takardu zuwa wani rumbun ajiya na waje, a buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu, kafin a miƙa wa mai gyara kwamfutar.