Darasi na 14: Al'ada da Nauyin Jikin Mace

Yau za mu yi karatu a kan abin da ya shafi matanmu da 'ya'yanmu mata. Ba abin kunya ba ne, sha'anin lafiya ne.

Mace baliga ta kan ga jinin al'ada kusan kowane wata. Daga farkon wannan jini zuwa farkon na gaba, kwana 28 ne ga mata da yawa. Na wasu kwana 21 ne, na wasu har 35. Duka lafiya ne. Jinin ya kan yi kwana 3 zuwa 7.

Idan jini ya kusa zuwa, jikin mace ya kan sāke. Jigida ta kan matse ƙugu. Zobe ya kan ƙi fita daga yatsa. Nono ya kan cika, ya yi tsami. Ciki ya kan kumbura. Idan ta hau sikeli a asibiti, sai a ga ta ƙara rabin kilo, wata ma kilo 1 ko 2.

Me ya kawo haka? Akwai wasu sinadarai a jikin mace, likitoci suna ce musu homon. Kamar kwana 14 kafin jini ya zo, ƙwai ya kan fito. Daga nan sai sinadaran nan su canja. Su ne su ke sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri. Su ne kuma su ke sa hanji ya yi nauyi, kwaɗayin zaƙi ya taso.

To, mu lura da kyau. Yawancin wannan nauyi ruwa ne, ba kitse ba. Bayan jini ya fara da 'yan kwanaki, ruwan ya kan fita da fitsari. Jigida ta koma yadda ta ke.

Saboda haka kada mace ta tsorata. Kada ta bar cin abinci. Kada ta sha maganin wankin ciki ko jiƙo don kumburi ya sauka, gama ya kan bar ta da kasala. Maigida kuma ya yi haƙuri, ya rage mata aiki.

Ga abin da ya ke taimako. A rage gishiri a miya. A sha ruwa sosai. A riƙa tafiya da motsa jiki. A ci zogale da alayyafo da wake da hanta, domin suna mayar da jinin da ya zuba.

Amma akwai lokacin zuwa asibiti. Idan jini ya wuce kwana 7, ko ya yi yawa har mace tana jiri, a tafi. Idan kumburin ƙafa ya ƙi sauka bayan jini ya ɗauke, a tafi. Idan al'ada ta tsaya wata 3 kuma ba ciki, a tafi. Rama mai tsanani ta kan tsayar da al'ada, ƙiba mai yawa kuma ta kan rikita ta.

Mu da mu ka iya rubutu, mu riƙa rubuta ranar da jini ya fara kowane wata. Wannan takarda za ta taimaki malamar asibiti ƙwarai.

Tambayoyi

1. Kwana nawa jinin al'ada ya kan yi?
2. Nauyin nan ruwa ne ko kitse?
3. Faɗi abu biyu da za su sa a tafi asibiti.