Shirya Samari Kafin Su Tafi Horon Soja: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Bunkure da Kura

Duk lokacin da Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya ta yi shelar ɗaukar kurata, samari sukan cika ƙofar hakimi da ta dagatai suna neman a shaide su, domin su sami takardar zama 'yan asalin ƙaramar hukuma. Malamin hakimi ya rubuta, a sa hannu, yaro ya tafi. Bayan 'yan kwanaki waɗansu su komo an ƙi su tun wurin tantancewa, waɗansu kuwa sai sun kai Zariya sa'an nan ƙafa ta gaza. Da yawa daga cikin waɗannan ba ragwaye ba ne. Abin da ya kāshe su shi ne ba su koya wa jikinsu dogon gudu ba, ko kuwa sun tasam ma koya masa cikin mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ya kamata shaidar da hakimi zai ba yaro ta zo tare da shawara, kuma shawarar ta riga shelar da wata 3 aƙalla.

Abin da ke jiran kurtu

Tun 1924 ake horar da kurata a Dafo ta Zariya. Barikin da take ciki ana kiransa Chindit, don tunawa da rundunar da ta yi yaƙi a dazuzzukan Bama a 1944, wadda bataliyoyin Nijeriya suka kasance cikinta, suna tafiyar ƙasa da kaya a baya. Horon kurtu yakan ɗauki kamar wata 6. Gudun asuba, da fareti a rana, da doguwar tafiya da kaya, su ne abincinsa na kullum, kuma ba a tsai da jama'a don mutum ɗaya ya gaji. Kafin ma a kai can, akwai gwajin gudu da na likita. Gudun kilomita 3.2, watau mil 2, shi ne ma'aunin da soja suka saba gwada mutum da shi.

Ƙarfin noma daban, juriyar gudu daban

Saurayin Bunkure ko Kura ba ya rasa ƙarfi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kadawa da kewaye, manomin wannan yanki ba shi da rani na zaman banza: ya fita daga shinkafa ya shiga alkama da tumatir da albasa. Wanda ya saba sunkuyon dashen shinkafa, ya saba saɓa buhu, yana da baya da damtse. Amma wannan ƙarfi shi ne yake ruɗinsa. Sai ya ga tun da yana yini a gona, gudun rabin sa'a ba kome ba ne.

Alhali kuwa gudu yana neman abu biyu waɗanda ba sa nuna lokaci ɗaya. Na farko zuciya da huhu. Su masu saurin sabo ne. Cikin mako 4 zuwa 6 mutum zai ji haki ya ragu. Na biyu ƙashi da jijiyoyin ƙafa, su kuwa sai an yi watanni kafin su yi ƙwari, domin kowane taku na mai gudu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko fiye. Haɗarin yana tsakanin waɗannan biyu. Yaro ya ji numfashinsa ya buɗe, sai ya ƙara nisa ya ƙara sauri, ƙashin ƙwauri kuwa bai shirya ba. Ciwo ya fara a gaban ƙwauri, ya daure don kada abokai su yi masa dariya, har ƙashin ya yi 'yar tsaga. Irin wannan tsaga takan zaunar da mutum mako 6 ko fiye, kuma sau da yawa daidai lokacin tantancewa take faɗowa. Duk yaron da ya iya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙashi ya ce nan ne ke yi masa zafi, lalle ya bar gudu ya tafi asibiti.

Yadda za a gina juriya

A wata na farko kwana 3 a mako sun isa, ana tsallake kwana ɗaya tsakani. A yi sassarfa minti 2, a yi tafiya minti 2, a riƙa maimaitawa har minti 20 ko 30. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in mai sassarfa ba ya iya magana da na kusa da shi, ya yi sauri da yawa. Samari za su raina wannan, su ce wasan yara ne. A nan ne maganar babba take da amfani.

A wata na biyu a riƙa rage tafiyar har mutum ya iya minti 30 bai tsaya ba, a kai kwana 4 a mako. Kada ƙarin nisa na kowane mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Sai a wata na uku za a shigo da sauri, shi ma rana ɗaya a mako: a yi gudu mai ƙarfi na minti 2, a huta da tafiya, sau 5 ko 6. Wata rana kuma a yi doguwar tafiya da ɗan kaya a baya. Ranar da aka yini ana yankan shinkafa ko lodin kwandunan tumatir, a lissafa ta cikin ranakun wahala, kada a ɗora mata gudu.

Allah ya hore wa wannan ƙasa filin da waɗansu ba su da shi, watau hanyoyin burji da ke bin gefen kanal. Shimfiɗaɗɗu ne, sun fi kwalta sauƙi ga ƙafa, ga ƙarancin mota. Titin Kano zuwa Zariya ba wurin gudu ba ne, balle da duhun asuba. Malamin dagaci yana iya auna kilomita 3.2 da mitar babur daga wata gada ko kwalbati, a kafa alama, ya riƙa rubuta lokacin kowane yaro sau ɗaya a wata. Kada a yi gudun da silifa. Takalmin kambas da ya zauna a ƙafa ya wadatar.

Rana da ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 a ƙasar Kano. A wannan lokaci bayan sallar asuba ne lokacin gudu. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita guda na gumi ko fiye a sa'a ɗaya, don haka ya sha ruwa kafin ya fita da bayan ya komo. Tsohuwar maganar da ake yi cewa ƙin shan ruwa yana sa jarumta ba ta da tushe. Wanda ya fara tangaɗi ko surutai a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a garzaya da shi asibiti. Da azumi a rage gudu, a mai da shi bayan buɗa baki.

Tsargiya

Kanal ɗin da ya ba yaro hanyar gudu shi ne kuma yake iya hana shi kaki. Ƙwayar tsargiya tana rayuwa cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan ban-ruwa, tana shiga ta fatar mai wanka ko mai aiki cikin ruwa. Mai ita yakan ga jini a ƙarshen fitsari, a ƙauyuka da yawa kuwa an saba da ganin haka har ba a ɗaukarsa ciwo. Amma tana rage jini, mai ƙarancin jini kuwa ba ya yin nisa a gudu kome ƙoƙarinsa, kuma likitan soja yana duba fitsari da jini. Maganinta, praziquantel, ana shan sa ne a rana ɗaya bisa awon ma'aikacin lafiya. Ya kamata kowane mai niyyar soja ya kai fitsarinsa a gwada tun kafin ya fara gudu, kuma ya bar faɗawa kanal don ya huce bayan ya gama. Zazzabin cizon sauro ma ba ya yankewa inda ruwa ke kwance rani da damina; wanda zazzabi ya kama ya bar gudu sai ya warke sarai. A wannan zuwa asibiti ya nemi a gwada masa jini ya san matsayinsa game da sikila, gama kusan mutum ɗaya cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da irinta, kuma irin wannan mutum shi ya fi bukatar bin abin a hankali da yawan shan ruwa.

Akwai masu ba yara tiramadol da sunan maganin gajiya. Ba ta ƙara juriya, ɓoye ciwo kawai take yi har ɓarna ta yi nisa, kuma ana gwajin ƙwaya wurin ɗaukar soja. Haka nan rundunar tana shelanta cewa neman shiga kyauta ne. Duk wanda ya zo ƙauye yana karɓar kuɗi don ya sama wa yaro gurbi, a sanar da hakimi.

In ranar tantancewa ta rage mako guda, a rage gudu zuwa rabi, kwana biyu na ƙarshe a huta ɗungum. Kada yaro ya tafi da sabon takalmi, ya tafi da wanda ƙafarsa ta sani.