Darasi Na Goma Sha Huɗu: Kayan Da Kotu Ta Riƙe

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda alƙali ya ce ya biya, ya ƙi, kotu tana da ikon aika ma'aikacinta da takarda, ya kama kayansa. Ma'aikacin zai rubuta kowane abu, ko keke ne, ko tumaki, ko buhunan gero. Bisa dokar Nijeriya ba a yin gwanjon kayan sai an bar aƙalla kwana 5, sai fa abin da yake saurin lalacewa. In an sayar, a biya mai bin bashi, abin da ya ragu a ba mai kaya.

To, mu lura. Tun daga ranar da aka rubuta kayan nan, suna hannun shari'a, ko da an bar su a gidan mai su. Wanda ya sayar da su, ko ya ɓoye su, ko ya kai su wani gari da dare don ya hana kotu aikinta, ya yi laifi. Maƙwabcin da ya karɓa ya ajiye, alhali ya san abin da ake ciki, shi ma ya shiga laifin.

A jihohin Kudu, sashe na 144 na dokar laifuffuka ya yanka ɗaurin shekara 3 a kan wannan. A Arewa kuwa, dokar Final Kod, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta sa ɗauri ko tara ga mai yin haka. Bayan horon, bashin yana nan bai mutu ba. Ke nan garin neman gira an rasa ido.

In aka haɗa da kayan wani, misali akuyar matar gida, kada a yi kokawa da ma'aikaci. Mai akuyar ta tafi kotu da shaidunta tun kafin gwanjo. In alƙali ya tabbata tata ce, a mayar mata.

Mu da muka koyi karatu, lalle mu karanta takardar ma'aikaci kafin mu sa hannu, mu kuma karanta wa 'yan'uwanmu.

Tambayoyi
1. Kwana nawa ake bari kafin gwanjo?
2. Mene ne laifin maƙwabcin da ya ɓoye kayan?
3. Ina mai akuya za ta kai kukanta?