An Dakatar Da Malami Kan Laifin Wanda Ya Gina Shafi

Ranar wata Lahadi bayan sallar isha'i, mai wata makarantar kuɗi ya kira ni hankali a tashe. Sakamakon zango na biyu ya ɓace daga shafin makarantar, tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har aji uku na babba, ga shi ranar Laraba iyaye za su fara dubawa. Kafin in buɗe baki ya ce ai sun san wanda ya yi: malamin lissafi mai shigar da maki, don shi kaɗai ke da kalmar sirri, kuma kowa ya san yana ƙorafin albashi. Tun Juma'a aka miƙa masa takardar dakatarwa. Abin da ake so in yi shi ne in tabbatar a rubuce, a kai shi wurin 'yan sanda.

Na ce, "Alhaji, a ba ni rajistar saba tukuna." Yini guda muka ɓata muna neman wanda ya gina shafin, domin da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan shafin da masaukinsa, makarantar ba ta riƙe da mabuɗin komai. Ɗan wani aminin Alhaji ne, an ce "ya iya kwamfuta", aka ba shi kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ba.

Ban yi minti goma da buɗe rajistar ba na ga komai. Daren Alhamis, wajen ƙarfe biyu, buƙatun GET ne a jere kamar layin tururuwa: delete.php?id=1, id=2, id=3, har ƙarshen teburi. Babu wanda ya shiga da kalmar sirri. Ba ma mutum ba ne. Irin manhajar nan ce da injinan bincike ke sakewa tana bin duk mahaɗin da ta gani. Yaron ya saka mahaɗin shafin gudanarwa a ƙasan shafin farko, ya bar binciken ko mutum ya shiga a hannun JavaScript kaɗai, saba ba ta tambayar kowa komai. A gaban sunan kowane ɗalibi kuma akwai "Goge", mahaɗi tsirara. Manhajar ta yi aikinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan ba sabon rami ba ne. Ƙa'idar HTTP ta 1999 ta faɗa cewa GET ta ɗauko bayani ce kawai, wadda aka sabunta a 2022 ma haka ta maimaita. A 2005, da Google ta fitar da Web Accelerator mai riga mutum buɗe mahaɗai, mutane sun rasa bayanansu ta wannan hanyar dai, aka yi ta surutu. Shekara nawa ke nan? Amma har yau mutum zai karɓi kuɗin jama'a ya ɗora gogewa a kan GET, ba POST, ba DELETE, ba tantancewa a saba.

Na roƙa a kira malamin. Dattijo ne mai furfura, ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, har sai da na ce, "Malam, bismillah, zauna mana." Na juya masa allon na ce ba shi ba ne, ga shaida. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Na ce musu su kawo Alƙur'ani in dafa, suka ƙi." Maganar ta riga ta isa unguwarsu. Wannan ba abu ne da zan iya gyarawa da kod ba, kuma shi ya sa nake wannan rubutun.

Shi ne ma ya ba ni bakin zaren sauran ɓarnar. Ya ce tun bara yake faɗa cewa shafin ba ya karɓar sunan Asma'u, Mu'azu ko Rabi'u, sai ya fito da rubutun kuskure. Yaron ya ce masa ya riƙa cire alamar ɗaurin. Jama'a, duk shafin da sunan Asma'u ke karyawa, a buɗe yake ga allurar SQL. Malami ya kawo muku rahoton ƙofar da ba ta kulluwa, kun ce ya daina taɓa ta! Na duba, haka ne: ana manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin tambayar rumbun bayanai, da tsofaffin umarnin mysql da PHP ta cire tun sigar 7.0 a Disamban 2015. An fara bayyana wannan hari a mujallar Phrack tun 1998. Ƙungiyar OWASP ta sa shi na ɗaya a jerinta na manyan haɗurran shafuka na 2010 da 2013 da 2017. Da shi aka kwashe bayanan mutum 156,959 na kamfanin TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka ci kamfanin tarar fam 400,000. Maganinsa kuwa layi biyu ne na prepare da execute a PDO.

Fom ɗin shiga ma GET ne, don haka kalmar sirrin malamin na nan ɓaro-ɓaro a rajistar saba da tarihin burauzar duk kwamfutar da ya taɓa amfani da ita. A rumbun kuma ba a sarrafa ta da komai ba, ko MD5 ɗin da muke hana mutane. Teburan latin1 ne, shi ya sa Ɗanjuma ke fitowa da alamar tambaya a takardar sakamako. Kuɗin makaranta a FLOAT. Sai kuma wani adireshi da ke amayar da JSON na dukkan ɗaliban da suka taɓa rajista ga duk wanda ya buɗe shi: suna, ranar haihuwa, hoto, unguwa, lambar wayar uba. 'Yan mata 'yan shekara goma sha uku, a irin wannan zamani da muke ciki. Yaron ya ce ai allon suna da aji kawai yake nunawa. Abin da allo ya ɓoye ba a ɓoye yake ba, in dai saba ta aiko shi.

Na tambayi kwafin ajiya. Babu. An zaɓi masauki mafi araha.

Masu makarantu, asibitoci da shaguna, ku ji da kyau. Kyan launi ba ingancin shafi ba ne. Sunan shafi da masauki su kasance da sunanku. Ku nemi a dawo da kwafin ajiya a gabanku, ku gani da ido. Kada ku tuhumi ma'aikaci kafin a karanta rajista. Ku kuma 'yan'uwana masu gini: GET ba ta gogewa, ba ta ɗaukar kalmar sirri. Tantancewa a saba take. Kada a manna rubutun mutum cikin SQL, ko da kuwa shafin na mahaifinka ne. In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba.

Alhaji ya so in toshe ramin gogewar kawai, sauran a bari sai bayan hutu, kuma kada iyaye su ji. Na tuna masa cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanan mutane suka fita ta yadda za a iya cutar da su, kuma waɗannan bayanan yara ne. Ya ce, "Injiniya, kana so ka kashe min kasuwa?" Na ce ni dai ba zan sa hannu a rabin aiki ba. Da ƙyar ya yarda muka sauke shafin a ranar.

Sati biyu aka yi ana sake shigar da maki daga takardun malamai. Wanda ya zauna ya yi mafi yawan aikin shi ne malamin da aka dakatar, don shi ya san inda kowace takarda take. An janye takardar dakatarwar a ofis, daga shi sai Alhaji, alhali a gaban dukkan malamai aka karanta ta. Na nemi a tara su a wanke shi, aka ce za a duba. Yaron kuwa, na ji yana gina wa wani asibiti shafin ajiye bayanan marasa lafiya.