Amsar Tambaya: Ina Za a Samo Jarin Yin Cakulan?

Wani mai sayen koko a Ikom, Jihar Kuros Riba, yana son fara yin cakulan amma jari ya gagara.

Kada ya fara da bashin banki. Ya haɗa manoman da yake saye a wurinsu su kafa ƙungiya, su yi adashi su sayi injin gasawa, niƙa da matse mai. Garin koko za su fara sayarwa, tunda cakulan sai da sanyi, ga wutar lantarki sai a hankali. Ɗanyen koko ne zai fi cin kuɗi: a 2024 tan guda ya haura dala 10,000.

In rajistar CAC da lambar NAFDAC sun samu, sai su tunkari Bankin Masana'antu, BOI, da littafin cinikinsu a hannu.