Zaɓe da Naɗi: Nazari Kan Shugabanci a Al'ummar Wikipedia

A wannan muƙala ina so mu dubi wasu kalmomi biyu da muke furtawa kullum, wato "zaɓe" da "naɗi", sannan mu ga yadda suke aiki a wani fage da bai daɗe da shigowa ƙasarmu ba: al'ummomin sa-kai da ke gina buɗaɗɗiyar manhaja da buɗaɗɗen ilimi a intanet. Abin nufi da "buɗaɗɗe" a nan shi ne abin da kowa ke da izinin dubawa, ya gyara, ya kuma rarraba kyauta. Wikipedia misali ce, haka ma manhajar MediaWiki da take tafiya a kanta.

Asalin kalmomin

"Zaɓe" ya fito ne daga aikatau "zaɓa", wato ware abu daga cikin tari. Shi kuwa "naɗi" daga "naɗa" yake, kuma hoton da ke cikinsa shi ne na rawani ana zagaya shi a kan mutum. Ke nan a wajen zaɓe idonmu na kan jama'a, a wajen naɗi kuwa yana kan hannu guda da ke sama. Sau da yawa ɗalibai kan ɗauke su kishiyoyin juna. A ganina ba haka ba ne, domin a tsarin sarauta tare suke tafiya: masu zaɓen sarki su fitar da sunaye, gwamna ya amince, sannan a yi naɗi.

Mutanen kudancin Kaduna sun san nauyin wannan bambanci. Al'ummar Bajju, waɗanda Hausawa suka saba kira Kaje (sunan da ya rage a garin Fadan Kaje), da maƙwabtansu Atyap sun daɗe ƙarƙashin masarautar Zazzau, hakiminsu daga can ake naɗa shi. Sai a 1995 suka sami masarautun kansu. Dogon ƙorafin da aka yi kafin nan, a kan wane ne ke da ikon naɗi aka yi shi.

Daga Kafanchan zuwa shafin Tyap

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga aikin sa-kai na kwamfuta. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta yi suna wajen koyar da kwamfuta da kai intanet karkarar Kafanchan. A 2022 kuma aka buɗe Wikipedia ta harshen Tyap, ta zo ta tarar da ta Hausa da ta Fulfulde.

To, a ƙaramin shafi irin wannan, wa ke riƙe da ikon share maƙala ko dakatar da mai ɓarna? Mai gudanarwa ne. Wanda ke so yakan rubuta buƙatarsa a fili, a bar ta aƙalla kwana 7, masu gyara su nuna goyon baya ko adawa tare da dalilansu. Sai dai ba su ke danƙa masa ikon ba. Wasu jami'an sa-kai da ke kula da dukkan shafukan duniya su ne ke duba tattaunawar su ba shi, kuma idan masu goyon bayan ba su da yawa, na 'yan watanni kawai ake ba shi, ya sake nema. Mai karatu zai lura cewa nan ma zaɓe ne a ƙasa, naɗi a sama.

Kwamitin Amintattu

Gidauniyar Wikimedia, mai hedikwata a San Faransisko ta Amurka, ita ke riƙe da na'urori da kuɗin tafiyar da shafukan. Kafin 2021 kwamitin amintattunta kujeru 10 gare shi: 3 na masu gyara, 2 na ƙungiyoyin reshe, 4 kwamitin da kansa ke naɗawa saboda ƙwarewa a fannoni irin su kuɗi da shari'a, sai 1 ta Jimmy Wales, ɗaya daga waɗanda suka kafa Wikipedia. A 2021 aka gyara doka ta yadda kujerun za su iya kai 16, rabinsu na al'umma.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ko waɗanda suka ci ƙuri'a sai kwamitin ya tabbatar da su kafin su hau kujera. Kuma hannun da ya naɗa yana iya warwarewa. A Disambar 2015 kwamitin ya cire James Heilman, wani likita ɗan Kanada da masu gyara suka zaɓa a wannan shekarar. Bayan 'yan kwanaki aka sanar da naɗin Arnnon Geshuri, tsohon ma'aikacin Google. Masu gyara suka tono rawar da ya taka a wata yarjejeniyar hana ɗaukar ma'aikatan juna tsakanin manyan kamfanoni, suka shirya ƙuri'ar rashin amincewa. A doka ƙuri'ar ba ta da ƙarfin komai, amma kafin Janairun 2016 ya ƙare ya sauka. A 2017 kuma aka sake zaɓar Heilman. Dalilin da ya sa ƙuri'a maras doka ta yi tasiri a fili yake: masu aikin ba albashi ake biyan su ba, in ransu ya ɓaci sai su ajiye alƙalami, ba kuma mai tilasta su.

Ba Wikipedia kaɗai ke fama da wannan ba. Da Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin harshen kwamfuta na Python a 2018, sai aka koma ga majalisar mutum 5 da ake zaɓa. A Debian kuwa shugaba ake zaɓa duk shekara, amma kwamitin fasaha naɗa shi ake yi.

Wa ke da ƙuri'a?

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ba katin zaɓe ake nema ba, aiki ake dubawa. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a zaɓen amintattu ita ce mutum ya yi gyara 300 kafin ranar da aka tsayar, 20 daga ciki a 'yan watannin baya. Tun 2021 ba mutum ɗaya ake dangwala wa ba. Jera 'yan takara ake yi, na fari, na biyu, na uku, idan gwaninka ya faɗi ƙuri'arka ta koma kan na gaba. Wannan tsari kan taimaki ƙananan al'ummomi, amma ba ya ƙirƙiro masu ƙuri'a inda babu su. Harsunan Turai sun fi mu masu gyara nesa ba kusa ba. Wani yunƙuri na rage giɓin shi ne kwamitin kula da ƙa'idar ɗabi'a da aka fara zaɓa a 2024, inda aka ware kujera ga kowane yanki, har da Afirka kudu da Sahara.

Sanarwar zaɓe da bayanan 'yan takara da Ingilishi suke fitowa, 'yan sa-kai ke fassara su. Shawarata ga ɗalibin da ya ɗauki wannan aiki ita ce ya rarrabe "zaɓaɓɓun kujeru" da "naɗaɗɗun kujeru", kuma inda ake maganar kujerun al'umma ya rubuta "zaɓe, sannan tabbatarwar kwamiti". Idan ya rubuta "zaɓe" kawai, mai karatu a Zonkwa ko Zariya zai ɗauka ƙuri'arsa ce ta ƙarshe.