Yadda Ake Bin Salsalar Zuri'ar Masu Jin Sifaniyanci a Tsofaffin Takardu

Duk wanda yake son gano asalin danginsa a Meziko, Kyuba, Kolombiya ko Sifaniya, abu na farko da zai nema shi ne sunan garin da kakanninsa suka fito. Sunan iyali kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, domin masu suna García ko Hernández ba su ƙirguwa. Takardun kuwa gari-gari aka rubuta su, coci-coci aka adana su.

Ka fara daga gida. Matambayi ba ya ɓata: zauna da dattawan dangi, ka rubuta sunaye, garuruwa da shekarun da suke tunawa, ka duba tsofaffin wasiƙu, hotuna da takardun aure. Idan iyalin sun yi hijira zuwa Amurka, ƙidayar 1950 da aka buɗe wa jama'a a 2022 za ta nuna ƙasar haihuwa, takardun tsallaka iyakar Meziko kuma sukan ambaci garin da mutum ya baro.

Sai ka fahimci tsarin sunayensu. Mutum yana ɗaukar sunan iyali biyu, na uba a gaba, na uwa a baya, mace kuma ba ta sauya nata bayan aure. Wannan babbar garaɓasa ce, domin dangin uwa ba sa ɓacewa. Amma kafin ƙarni na 19 tsarin bai zauna daram ba, har akan samu 'yan uwa ciki ɗaya da sunayen iyali daban-daban. Rubutun ma yana sauyawa: Jiménez na yau shi ne Ximénez na jiya.

Da ka samu gari, nemi rajistar gwamnati. Meziko ta kafa tata da dokar 1859 a zamanin shugaba Benito Juárez, Sifaniya ta fara a 1871, Puerto Rico a 1885. Abin da ya gabaci haka yana cikin littattafan cocin Katolika, waɗanda Majalisar Trent ta cocin ta wajabta ajiyewa a 1563. A nan ne arzikin yake. Takardar baftisma guda takan kawo sunan jariri, iyayensa, iyayen baftisma, wani lokaci har da kakanni huɗu. Kada ka tsallake binciken da limamin coci yake yi kafin ɗaurin aure: idan ango da amarya 'yan uwa ne, akan jera salsalarsu har zuwa kakan da ya haɗa su. Shafin FamilySearch ya ɗora hotunan littattafai masu yawa a intanet kyauta, haɗe da ƙidayar Meziko ta 1930.

A zamanin mulkin mallakar Sifaniya, coci da yawa sun ware littafin Turawa daban da na 'yan asalin ƙasa da na baƙar fata, don haka ka duba dukkansu. A Kyuba, inda bauta ta kai har 1886, akan rubuta bawa da ƙabilar da aka jingina masa, kamar Lucumí ga Yarbawa, sau da yawa kuma sunan ubangidansa yake ɗauka. Idan sawu ya kai ka ga wanda ya taso daga Sifaniya, takardun izinin tafiya suna Babban Ma'ajin Indiyas da ke Seville, wanda aka kafa a 1785, ana kuma bincika su ta shafin intanet na PARES.

Inda yaƙi ko gobara ta cinye littattafai, kamar yadda ya faru a yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, koma ga wasiyyoyi, takardun filaye da ma'ajin bishop na yankin.

Mai karatu, ka bi zuri'a ɗaya bayan ɗaya, daga kanka zuwa baya. Kada ka amince da kowane kaka sai takarda ta haɗa shi da ɗansa, kuma ka rubuta inda ka samo kowane bayani domin jikokinka su ɗora daga inda ka tsaya.